Kwakumetin Goggo

Kwakwar farko da Zuwaira ta fasa ba ta yi kyau ba. Daga waje lafiya lau take, amma da ta buga mata taɓarya ta rabe biyu, sai wani wari mai tsami ya taso, cikinta duk ya yi yauƙi. Ta tura wa kaji ita, ta ɗauko ta biyun, ta kara a kunne ta girgiza. Ruwa ya amsa daga ciki. Sai ta huda idon da ƙusa, ta tsiyaye ruwan a kofin silba, ta ajiye shi a inuwa, sannan ta fasa. Wannan karon naman fari tas ne, kaurinsa ya kai yatsa.

Tana cikin ɓamɓare shi da wuƙa aka ji tsayuwar achaɓa a ƙofar gida. Husna ce, ƙaramar 'yarta da ke aure a Kiru, inda take koyarwa a firamare. Ta yi sallama ta shigo da jaka a kafaɗa, ta durƙusa ta gaida uwarta, amma idonta yana kan farantin.

"Inna, ashe ba ki shirya ba? Na ce miki da hantsi za mu tashi."

"Ki zauna. Ba zai daɗe ba."

"Kwakumeti za ki yi? Yau?"

Zuwaira ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da kankare baƙin bayan kwakwar, ɓari bayan ɓari.

Husna ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna. Ta ce Labaran, mijin yayarta Khairiyya, ya sake kira da asuba daga asibitin Tudun Wada. Likita ya ce ƙodar Khairiyya duka biyu sun daina aiki, a wuce da ita Kano a gwada wankin ƙoda. An samu mota, za a tashi kafin la'asar.

"A gwada, haka ya ce?"

"Haka ya ce a gabanta. Da suka fito waje kuma ya ce wa Labaran ciwon ya yi nisa, a dai yi ta addu'a." Husna ta sauke murya. "Inna, idan ba mu same su ba, ban sani ba ko za a sake samun wata ranar."

Wuƙar ta tsaya kaɗan, sannan ta ci gaba.

Khairiyya ita ce 'yar farin Zuwaira. Shekararta talatin da ɗaya, kuma a duk shekarun nan sunanta bai taɓa fitowa daga bakin uwarta ba. Haka Zuwaira ta taso ta ga ana yi a gidansu na Yako. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna shi nata ne. Ranar da aka yaye yarinyar, yayar mijinta Suwaiba, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo daga Doguwa ta goya ta suka tafi. Zuwaira tana ɗaka, ba ta ko leƙo ba. Daga nan yarinyar ta zama "'yar Doguwa" a bakinta. Ita kuwa yarinyar ta tashi tana kiran Suwaiba Goggo, uwarta kuma Innar Yako.

Mutane da yawa gurza kwakwa suke yi idan za su yi kwakumeti. Zuwaira ba ta gurzawa. Yankawa take yi a tsaye, sannan ta juya ta yanka a kwance, har kowace ƙwaya ta fito daidai da ƙwayar gyaɗa. Aikin yana cin lokaci, amma idan ya soyu, bayansa ya yi ƙaras-ƙaras, cikinsa ya tsaya da laushi. Husna ta ɗauki wata wuƙar za ta taya ta, uwar ta kaɗa kai.

"Hannu biyu ba sa yanka daidai. Ki daka mini kanumfari dai, ƙwaya uku, kada ki ƙara."

Wata ƙaramar Salla ce mafarin abin. An kawo Khairiyya Yako tana shekara tara, tana guje-guje da yara a tsakar gidan nan ta faɗi a kan turmi, leɓenta ya fashe. Ta taso da jini a baki ta nufo Zuwaira, hannu a buɗe. Gidan cike yake da dangin miji. Zuwaira ta kau da kai, ta matsa gefe, ta ce, "Ku zo ku ɗauke ta." Tsofaffin suka yi ta yabonta, suna cewa ga mace mai kunya, ga 'yar gidan mutunci. Yarinyar kuwa ta tsaya tana kallonta, kukan ma ya ɗauke. Washegari Zuwaira ta aika aka sayo kwakwa a Kwanar Ɗangora, ta soya, ta ƙulle a leda, ta kai wa Suwaiba a ɗaki.

"Yaya, idan kun isa gida ki ba ta. Don Allah kada ki ce ni ce."

Suwaiba mace ce mai riƙon amana, ba ta faɗa ba. Duk Salla, duk wani mai zuwa Doguwa, sai ƙulli ya bi shi da sunan saƙon Suwaiba. Ita kuma ta juye a kwanonta na tangaran ta rufe, yarinya ta dawo daga makaranta ta buɗe ta gani. Har bayan aurenta ana kai mata. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Suwaiba, daga ranar kuma saƙon ya yanke, don babu hannun da zai bi.

Zuwaira ta wanke yankakkiyar kwakwar, ta zuba a tukunya, ta juye ruwan kwakwar nan da ta ajiye a kai. Ta auna sukari cikin gwangwanin madara ɗaya, ta ɗebo gishiri da yatsu biyu, ta barbaɗa kanumfarin. Ta ɗora a murhu ta gyara itace. Ba da jimawa ba tukunyar ta fara tafasa, ƙamshi ya bi tsakar gida.

"Kin san abin da Yaya Khairiyya ta ce mini da bikin sunan Mudassir?" in ji Husna. "Ta ce, 'Innar Yako mutuniyar kirki ce, tana girmama ni kamar baƙuwa. Amma so kam, ku take so.' Tana dariya ta faɗa. Ni kuwa saura kaɗan in gaya mata komai."

"Da kin yi ba daidai ba."

"Inna, zamanin nan wa yake wannan karar? Ni Mudassir, ɗan farina, ina kiran sunansa sau ɗari a rana, ina goya shi har gaban surukata, ba abin da ya faɗo mini daga sama."

"Ku 'yan boko ai ba ku da ta ido."

"To mu marasa ta ido 'ya'yanmu sun san muna son su."

Maganar ta fi ƙarfin yadda Husna ta nufa. Ta sunkuyar da kai. Zuwaira ta ɗauki muciya ta fara juya tukunyar, don ruwan ya soma janyewa.

Nan ne wurin da aikin yake. Muddin da ruwa a tukunya, kwakumeti ba ya neman kowa. Amma da zarar ya ƙone, sukari ya fara kama jikin kwakwar yana danƙo, to babu ɗaga kai. Zuwaira ta zare itace biyu ta bar garwashi. Ta yi ta juyawa a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Farin ya koma ruwan madara, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya doshi launin zuma. Tsakanin launin zuma da ɗaci ba ya wuce numfashi biyar. Wani ɗigon sukari ya fantsamo mata a bayan hannu, ba ta ko janye ba.

"Yau zan faɗa mata," ta ce, idonta a tukunya. "Ni da bakina. Zan kira sunanta, in ce ni ce nake yi tun farko. Amma ki yi mini alkawari ba za ki riga ni ba."

"Inna..."

"Idan daga bakinki ya fito, za ta ce lallashinta kike yi don ba ta da lafiya."

Husna ta ce, "Na yi alkawari."

Zuwaira ta sauke tukunyar, ta juye a farantin da ta shafa wa ɗan man gyaɗa, ta baza da cokali tana raba ƙwayoyin kada su manne. Suna ƙyalli a rana. Ta shiga ta yi wanka kafin ya huce, ta sa atamfarta ta fita unguwa, ta zuba kwakumetin a ƙaramin kwanon sha mai murfi, ta ɗaure da ɗankwali.

Achaɓa biyu suka kai su Kwanar Ɗangora, daga nan suka shiga ƙaramar bas ta Tudun Wada. Damina ta yi nisa, masara ta fi mutum tsayi a dama da hagu, hanya kuma duk ramuka cike da ruwa. Zuwaira tana bakin taga, kwanon a cinyarta, ɗuminsa yana ratsa zane. Tun da motar ta tashi take gwada sunan a cikin bakinta ba tare da murya ba. Farkonsa daga maƙogwaro yake fitowa, sai ta ji kamar wani abu ya tsaya mata a wurin. Ta san sunan tun kafin a raɗa shi, don ita ta zaɓa, ta faɗa wa marigayi mijinta a asirce. Amma harshenta bai san hanyarsa ba.

"Me kike karantawa, Inna?"

"Addu'ar tafiya."

Sun isa asibitin ana kiran azahar. Labaran, mijin Khairiyya, ya tare su a baranda, idonsa ja, hularsa a hannu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida surukarsa, ya ce motar tana hanya. Ya kai su ɗakin mata, gado na ƙarshe kusa da taga.

Da ba don an nuna mata ba, da Zuwaira ba ta gane 'yarta ba. Fuskar ta kumbura har idanun sun shige, ƙafafun da suka leƙo daga ƙarƙashin zane sun yi suntum. A gefen gadon an shimfiɗa tabarma, mahaifiyar Labaran, Hajiya Iya, tana zaune da carbi, tare da ƙannenta biyu da wata maƙwabciya daga Doguwa. Suka yi maraba, aka matsa, aka yi gaisuwa mai tsawo, ta hanya da ta damina da ta mai jiki. Zuwaira ta zauna a ƙarshen tabarma, ta ɗan ba gadon gefe, kamar yadda ta saba zama duk inda 'yar take. Ba ta yi niyya ba, jikinta ne ya zauna haka.

"Innar Yako, sannu da hanya," in ji Khairiyya. Muryar ta yi ƙasa sosai. "Kin sha wahala."

"Ya jiki?" Zuwaira ta tambayi bangon da ke gabanta.

"Da sauƙi."

Husna ta hau bakin gadon ta riƙe hannun yayarta, tana tsokanarta wai ta zo asibiti ne don ta huta da surfe. Khairiyya ta yi ɗan murmushi. Hajiya Iya ta ce kwana uku ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa, ko kunu aka kawo sai ta ce yana mata warin ƙarfe.

Zuwaira ta kwance ɗankwalin. Ta yi nufin ta tashi ta kai da hannunta, har ta dafa tabarma. Sai ta ga idanun matan nan huɗu a kanta. Ta miƙa wa Husna kwanon.

Da aka buɗe murfin, Khairiyya ta juyo da kai a hankali. Ta shaƙa, ta sake shaƙa. Idanunta suka buɗe fiye da yadda suka buɗe tun shigowarsu.

"Na Goggo," ta ce.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke wucewa ta leƙa kwanon, ta dubi mai jikin, ta ce a ba ta ƙwaya ɗaya ko biyu, ba komai. Yadda ta faɗa ba komai ɗin ya sa Husna ta kau da kai.

Khairiyya ta sa ƙwaya ɗaya a baki. Ba ta tauna ba, ta bar ta tana narkewa. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shiga kunnenta.

"Har da kanumfarin. Na nema a Doguwa, na nema a nan, kowa gurzawa yake yi." Ta numfasa. "Ban taɓa ganin lokacin da take yi ba, kun sani? Sai dai in dawo in tarar a kwano. Nakan ce, Goggo ki koya mini. Sai ta ce, wata rana. Duk ranar da na buɗe kwanon nan na gani, sai in ce a raina, to ni ma ina da uwa." Ta juyo wajen tabarmar. "Ba don in ɓata miki ba, Innar Yako. Kin gane dai."

Husna ta kafe uwarta da ido.

Zuwaira ta gyara zama. Ta ji sunan ya taso daga ƙirji ya hau maƙogwaro, ya zo daidai inda ya tsaya a mota. Ta buɗe baki.

"Allah sarki," in ji Hajiya Iya, tana jan carbi. "Ku dubi baiwar Allah nan. 'Yarta tana kwance haka, amma tun da ta shigo ko ɗaga ido ba ta yi ta kalle ta ba. Irin wannan kunyar ta ƙare a duniya, wallahi. Shi ya sa da Labaran ya ce 'yar gidan yake so, ban yi bincike ba. Na ce uwarta kawai ta isa shaida."

"Gaskiya ne," in ji ƙanwarta. "Na yanzu da tuni ta hau gadon tana kururuwa."

Suka dubi Zuwaira da fuskar girmamawa, irin wadda tsofaffin gidan mijinta suka dube ta da ita ranar da yarinya ta faɗi a kan turmi.

"A ina aka samo?" Khairiyya ta tambaya. "Wa ya iya irin na Goggo?"

Zuwaira ta dubi bayan hannunta, inda sukari ya ƙona ta da safe, wurin ya tashi ya ɗuri ruwa. Ta ja mayafi ta rufe.

"Wata mata ce a Yako take yi," ta ce.

Husna ta saki hannun yayarta, ta tashi ta tsaya a taga.

"Ki gaishe ta," in ji Khairiyya. "Ki ce Allah ya yi mata albarka. Ta tuna mini da Goggo. Allah ya ji ƙan Goggo."

"Amin," matan suka amsa tare.

"Amin," in ji Zuwaira. "Za ta ji."

Khairiyya ta karɓi ƙwaya ta biyu, amma ba ta kai baki ba. Barci ya ɗauke ta da ƙwayar a dunƙule a hannu. Zuwaira ta ce a ranta idan matan sun fita alwala za ta matsa kusa ta tashe ta. Suka fita bi da bi, kullum da wadda ta rage. Da ta ƙarshen ta miƙe, sai ga Labaran ya shigo da masu gadon turawa, ya ce mota ta iso.

Motar ba ta da wuri sai na mutum biyu bayan mai jiki. Labaran zai zauna gaba. Aka tsaya shawarar wace mace za ta bi ta don jinya. Ba wanda ya dubi Zuwaira, don kowa ya san uwa irinta ba za ta yi jinyar 'yar fari a idon surukai ba, tambayarta ma rashin ladabi ne. Aka ce Husna ta shiga.

An kwantar da Khairiyya a kujerar baya, kanta a cinyar ƙanwarta, kwanon a gefen ƙafarta. Idonta a rufe, numfashinta yana fita da nauyi. Husna ta sauke gilashi ta yafito uwarta. Zuwaira ta matso ta sunkuya.

"Inna, ki sake ni daga alkawarin nan," Husna ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Idan ta farka a hanya in gaya mata."

Hajiya Iya tana tsaye taku biyu a baya, tana tofa addu'a a tafin hannu. Zuwaira ta dubi fuskar da ke kan cinyar Husna. Wannan ne karon farko da ta kalle ta sosai tun tana jaririya. A leɓen ƙasa har yanzu akwai ɗan farin tabo.

"Ki bari ta samu sauƙi," ta ce. "Ni zan faɗa mata."

Husna ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Direba ya tayar da mota.

Zuwaira ta yi sallama da surukan, suka yi ta sa mata albarka, suka raka ta har bakin titi. Ta samu bas mai komawa Kwanar Ɗangora, ta zauna a baya kusa da wata mata mai kwandon tumatir. Hadari ya haɗo ta wajen duwatsun Doguwa. Ɗankwalin da ta ɗaure kwanon da shi yana hannunta, ta ninke shi huɗu, ta warware, ta sake ninkewa. Har yanzu yana ƙamshin kanumfari.

Motar ta faɗa wani rami, ƙarafunanta suka yi ƙara, yaran da ke ciki suka farka da kuka. A cikin hayaniyar nan Zuwaira ta sunkuya kan ɗankwalin.

"Khairiyya," ta ce.

Sunan ya fito a shaƙe, amma ya fito duka.

Mai tumatir ta juyo. "Na'am, Hajiya? Magana kike?"

"A'a," in ji Zuwaira. "Ba da ke nake ba."